Ƙera Bam Na Kanka Ko Fakewa A Inuwar Amurka?

Ɗalibai sun sha tambayata: bayan 1945, wanne ya fi wa ƙasa alheri, ta ƙera makamin nukiliya nata ko ta dogara da kariyar Amurka?

Ta fuskar kuɗi, fakewa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Jamus ta Yamma ta yi alkawari a 1954 ba za ta ƙera shi a ƙasarta ba, ta shiga NATO a 1955, ta mai da hankali kan masana'antu. Japan ma ta fake a inuwar Amurka.

Sai dai kariyar aro ba ta rasa sharaɗi. A rikicin Suez na 1956 Amurka ta matsa wa Birtaniya da Faransa lamba har suka janye daga Masar. Birtaniya tana da bam tun 1952, bai hana ta sunkuyar da kai ba. Faransa kuwa ta ƙara ƙaimi wajen ƙera nata, don De Gaulle, wanda ya shugabance ta, bai yarda Amurka za ta sadaukar da New York saboda Paris ba.

Haɗarin gwaji shi ya fi sosa mini rai, domin a kan wasu ya sauka. A Reggane, cikin Saharar Aljeriya, Faransa ta tayar da nata ranar 13 ga Fabrairu 1960, kusa da makiyaya da manoman dabino. A Janairun 1961 Najeriya ta kori jakadan Faransa saboda waɗannan gwaje-gwaje.

Fakewa ta dace da ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, wadda maƙwabta ke tsoron ta sake ɗaukar makami. Ƙerawa kuwa sai mai dukiya da masana, wadda ba ta amince da alkawarin ƙawarta ba.