Gwangwanin Irin Ko-ta-kwana: Zai Ciyar da Mutum a Hunturun Nukiliya?

Gwangwani ne, wani lokaci bokitin roba mai murfi, da ake sayarwa a intanet da sunan ajiyar iri ta ko-ta-kwana. Kamfanoni da yawa ke yin sa, amma duk kanwar ja ce. In ka ɓalle murfin za ka tarar da ƙananan jakunkuna masu rufin alminiyam, an liƙe bakinsu da zafi, kowace da sunan abin da ke cikinta, sai 'yar jakar silika mai tsotse danshi, da ɗan littafin koyar da shuka. Yawanci nau'i 30 zuwa 40 ne: tumatir, tattasai, kokwamba, kankana, kabewa, masara, wake, latas, karas, kabeji, albasa da makamantansu. A jikin gwangwanin akan rubuta adadin ƙwayoyin da manyan baƙaƙe, dubu kaza, wasu har su ƙara da cewa irin zai yi shekara 25 a ajiye. Tallar kuwa takan jingina da mafi munin abin da mutum ke tsoro, har da yaƙin nukiliya. Tunda masu sayarwa ne suka kawo wannan ma'auni, a kansa za mu ɗora kayan.

Ra'ayinmu tun farko: lambun kayan miya ne na lokacin zaman lafiya aka sa wa rigar yaƙi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da ke ciki zai yi amfani. Sauran cike gurbi ne.

Sai an san irin yanayin da ake magana kafin a gane dalili. Kalmar hunturun nukiliya ta fito ne a 1983, daga aikin Richard Turco da abokan aikinsa huɗu, cikinsu har da Carl Sagan. Birane in sun kama da wuta, baƙin hayaƙinsu yakan haura can sama inda babu ruwan saman da zai wanke shi, rana ta ƙara dumama shi ya ƙara hawa, ya yi shekaru yana tare haske. A 2007 Alan Robock na Jami'ar Rutgers da abokansa sun auna abin da tan miliyan 150 na wannan hayaƙi zai yi: matsakaicin zafin duniya zai sauka da digiri 7 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas na tsawon shekaru, ruwan sama ya ragu da kusan kashi 45 cikin ɗari, kuma a jihar Ayowa ta Amurka za a yi fiye da shekara sanyi na kaiwa ga daskarewa kowane dare, a Yukren fiye da shekara biyu. A 2022 Lili Xia da abokan aikinta sun lissafa cewa abincin da gonakin duniya ke bayarwa zai faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekara ta uku zuwa ta huɗu. Ƙaramin yaƙi mai tan miliyan 5 kuwa zai rage shi da wajen kashi 7. Tsakanin waɗannan biyun akwai nisa ƙwarai, kuma a tsakanin ne iri ke da rana. Dutsen Tambora da ya fashe a 1815 bai sauke zafin duniya da ko digiri ɗaya ba, amma a 1816 dusar ƙanƙara ta sauka a watan Yuni a arewa maso gabashin Amurka, gonaki suka lalace har Turai. Abin da ya kashe amfanin gona a can Amurka a waccan shekara dare ɗaya ne na daskarewa a tsakiyar lokacin noma, ya maimaita kansa sau biyu ko uku.

A nan gwangwanin ya fara tuntuɓe. Wake, kokwamba, kabewa, kankana da tattasai ba sa tsira sai ƙasa ta kai digiri 15 ko 16. Masara da tumatir na son aƙalla 10. In aka zuba su a ƙasa mai sanyi da danshi, ƙwayar takan sha ruwa ta kumbura, ta ruɓe kafin ta fasa. In ma sun tsira, dare ɗaya na daskarewa ya gama da su. Kuma masu 'ya'ya irin tumatir da kankana suna bukatar haske kusan ninki biyu na abin da ganye ke bukata. Fiye da rabin jakunkunan ke nan sun tafi. Waɗanda suka rage su ne masu tsira a digiri 2 zuwa 5: latas, albasa, karas, kabeji, radish, koren waken da ake kira fis, da kabeji marar dunƙulewa mai suna kel, wanda ke jure sanyi har digiri 10 ƙasa da sifili. Kamfanin da ya sa waɗannan da yawa ya fi wanda ya cika gwangwaninsa da kala biyar na tumatir.

Babbar matsalar dai lissafin ciki ce. A ƙaddara babban mutum na bukatar kalori 2,100 a rana, wato 766,500 a shekara. Kilo ɗaya na latas kalori 150 ne, saboda haka sai mutum ya ci kilo 14 kullum. Tumatir kusan kilo 12. Kabeji kilo 8 da ɗoriya. Babu cikin da zai ɗauki wannan. Adadin ƙwayoyin da ake taƙama da shi a jikin gwangwani kuwa wayo ne, domin ƙwayar latas 800 zuwa 1,000 ce ke cika giram ɗaya, karas ma kusan haka. Cokali biyu na waɗannan sun isa a rubuta dubbai. Duba jakar wake, wadda ita ce mai abinci na gaske: in ta ƙunshi ƙwaya 100, za ta cika wajen murabba'in mita 4, ta ba da ƙasa da kilo ɗaya na busasshen wake a shekara mai kyau. Kilo ɗaya kalori 3,400 ne. Abincin yini ɗaya da rabi ke nan, kuma ba a cire irin baɗi ba.

Abin da ya kamata ya zama ginshiƙin ajiyar, ba ya ciki ko kaɗan. Dankalin turawa na ba da kalori 770 a kilo, yana son sanyi-sanyi, yana nuna cikin kwana 70 zuwa 90 in nau'i mai sauri ne. Mutum ɗaya na bukatar kusan tan ɗaya a shekara. In gona ta ba da kilo biyu da rabi a murabba'in mita, fili mai murabba'in mita 400 ake nema, da irin dankali kilo 80 zuwa 100. Ba laifin kamfani ba ne gaba ɗaya, tunda dankali ba ya zama a gwangwani: wata shida zuwa takwas ya yi tsiro ya yamutse, dole sai ana shuka shi kowace shekara. Laifinsu shi ne rashin faɗa wa mai saye. Akwai ƙwayar dankali ta ainihi, wadda ake cirewa daga 'ya'yan da ke fitowa bayan fure, tana ajiyuwa shekaru kamar ta tumatir, sai dai a shekarar farko ƙananan dankali take bayarwa, su ne irin shekara ta biyu. Ganyen dankali kuma yana ƙonewa a digiri 2 ƙasa da sifili, don haka yana son rufi. Haka nan da wuya ka ga sha'ir, ko hatsin rai, wani dangin alkama mai tsira a digiri 1 zuwa 2, ko babban waken faba mai jure sanyi. Sha'ir giram 12 zuwa 15 ake watsawa a murabba'in mita, ma'ana da kilo ake ajiye shi, ba da jakar da ke shiga aljihu ba.

Inda kayan suka cancanci yabo shi ne marufi. Jakar alminiyam da aka liƙe tana tare haske da danshi da ƙwari, tana kuma tare ƙurar nukiliya, wadda ba ƙaramin abu ba ce. Amma maganar shekara 25, da sauran rina a kaba. A ajiyar ɗaki irin albasa da ƙyar yake wuce shekara ɗaya ko biyu, masara da tattasai biyu, karas da wake uku, kabeji da tumatir huɗu zuwa biyar. Ƙa'idar da masana iri suka daɗe da ita ita ce, duk sauke zafi da digiri 5, ko rage danshin ƙwaya da kashi ɗaya cikin ɗari, yana ninka tsawon ranta. Shi ya sa rumbun irin duniya na Svalbard, da aka buɗe a 2008 a tsibirin ƙasar Norwe, ke riƙe nasa a digiri 18 ƙasa da sifili. Gwangwanin da aka jefa a ɗakin ajiya mai zafi ba ya cikin wannan alkawari. Wanda zai sa nasa a firiza ya tabbata irin ya bushe ƙayau, in kuma ya fito da shi ya bar shi ya huce a rufe na tsawon yini kafin ya buɗe, in ba haka ba raɓa ta sauka a kan ƙwayar ta lalata ta.

Kada a yarda da rubutun jiki, a gwada. Ɗauki ƙwaya 20 daga jaka, jera su a kan takardar goge hannu mai laima, naɗe ta kamar tabarma, saka a leda, ajiye a wuri mai digiri 20 zuwa 25. Warware a kwana na 7 da na 14 ka ƙirga masu fararen saiwa. In 17 sun fito, irin lafiya lau. In ba su kai 10 ba, a sauya. Takardar ta zama mai laima, kada ta riƙa ɗiga, domin ruwa in ya yi yawa funfuna ce za ta rufe ƙwayar, ka zargi iri alhali laifin naka ne. A maimaita kowace shekara.

Wani abin da littafin cikin gwangwani ke tsallakewa da layi biyu shi ne tara iri. Daidai ne da suka zaɓi irin gado, wanda 'ya'yansa ke kama da uwa, maimakon irin aure na F1, wato wanda aka samu ta haɗa nau'i biyu. Sai dai masu jure sanyin nan, karas da kabeji da kel da albasa, ba sa fure sai a shekara ta biyu. Dole a tono su, a binne cikin yashi mai ɗan laima (ban da albasa, wadda ake ajiyewa a bushe) a wuri mai digiri 1 zuwa 4, a sake dasawa in sanyi ya sassauta. Kabeji da kel da burokoli da farin kabeji kuma dangi ɗaya ne, in sun yi fure tare ƙudan zuma za su gauraya su, baɗi a sami abin da ba kai ba gindi. A bar ɗaya kawai ya yi fure kowace shekara. Masara ma sai an tara iri daga tushe 100 zuwa 200, in ba haka ba tana ƙanƙancewa shekara bayan shekara.

Game da ƙasa da rufi, babu komai a gwangwanin, sai mai saye ya tanada. Ƙarfin ƙurar nukiliya na raguwa da sauri a farko: bayan awa 7 ya koma kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu ɗaya cikin ɗari, bayan mako biyu ɗaya cikin dubu. Masu naci cikin sinadaran gubar da ke ƙurar su ne siziyam-137 da sitirontiyam-90, da ke ɗaukar wajen shekara 30 kafin rabinsu ya tafi. A Fukushima ta Japan, inda tashar nukiliya ta yi haɗari, santimita 5 na saman ƙasa aka riƙa kankarewa daga gonaki. Takin fotash na rage wa shuka shan siziyam, farar ƙasa kuma na rage shan sitirontiyam, saboda saiwa na ɗaukar su ne a madadin fotasiyam da kalsiyam. Rumfar leda mai tsayin santimita 60, da baka-bakan ƙarfe a tazarar mita ɗaya, gefunanta a binne, tana ƙara 'yan digiri. Yadi marar nauyi a ƙarƙashinta ya ƙara ɗan ɗumi. A ɗaga bakinta da rana, don iska in ta tsaya dashe kan ruɓe daga gindi. Wanda ke da dabbobi yana da murhu kyauta: rami mai zurfin santimita 60 cike da ɗanyen kashin doki gauraye da kara, a tattake, a rufe da ƙasa santimita 15. Zai yi zafi sosai a makon farko, sai a jira ya sauko ƙasa da digiri 30 kafin a shuka, ɗumin kuma ya yi makonni.

Masu cewa fitilar LED za ta maye gurbin rana su yi lissafi tukuna. Murabba'in mita ɗaya na latas na cin kilowat-awa ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, ya ba da abin da bai kai kalori 50 ba, ga shi faifan sola ma hasken da ya dushe yake jira. Fitila ta renon dashe ce kawai. Naman kaza kuwa, wato lemar kwaɗi da ake ci, ba ya bukatar rana, yana fitowa a kan karan alkama da aka jiƙa a ruwa mai digiri 65 zuwa 80 na awa ɗaya zuwa biyu, amma kalori 330 ne a kilo, kuma yana tara siziyam fiye da ganye, don haka karan ya zama wanda ƙura ba ta taɓa ba.

Wa ya kamata ya saya? Mai lambu da ya riga ya iya shuka, yana neman ganyen da zai kare iyalinsa daga ciwon rashin bitamin C, wanda ke bayyana bayan wata ɗaya zuwa uku. A nan ma jakar fis ta fi kowace daraja, domin ko babu rana, in aka jiƙa ta dare ɗaya aka riƙa ɗauraye ta sau biyu a yini, cikin kwana 3 zuwa 5 ta yi tsiron da za a ci, muddin ba irin da aka shafa wa maganin ƙwari mai launi ba ne. Kafin a biya kuɗi, a nemi jerin nau'o'in da nauyin kowace jaka da giram, da shekarar da aka girbe irin. A ƙara sha'ir da fis da faba da kilo, a riƙe gonar dankali tana juyawa kowace shekara, a kuma ajiye busasshen hatsi na ci da zai kai aƙalla shekara guda, tunda a wuraren da ƙasa za ta daskare ba a buɗe gwangwanin ma sai bayan nan.