Allurar sitiroyid a wuyan hannu: ciwo ya tafi, fata ta canza

An yi mini allurar Kenalog, wato triamcinolone, wani nau'in sitiroyid mai rage kumburi, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, saboda kumburin jijiya da likitoci ke kira De Quervain. Maganar ciwo kam, allurar ta yi aikinta. Kafin mako ya zagayo ina murɗa tsumma, ina ɗaukar yaro ba tare da na cije leɓe ba.

Fata ce ta ba ni mamaki. Bayan 'yan makonni wurin da allurar ta shiga ya fara dusashewa, ya yi fari, sannan ya lotsa har ƙananan jijiyoyin jini suka fito fili. Wani siririn farin layi kuma ya bi hannun ya haura sama. Duk wanda ya gani sai ya tambaye ni ko ƙyasbi ne ko ƙonewa na yi.

Da na koma, likitan ya yi mini bayani: maganin yana rage kitsen da ke ƙarƙashin fata, yana kuma hana ƙwayoyin da ke ba fata launi yin aikinsu. Triamcinolone ba ya narkewa da sauri, yana daɗewa a inda aka zuba shi. Wannan daɗewar ce ke sa ya yi maganin kumburi sosai, ita ce kuma ke cin fata idan jijiyar tana kusa da sama kamar ta wuyan hannu. A baƙar fata abin ya fi fitowa ƙarara. Ya ce ga yawancin mutane launin yana dawowa da kansa cikin watanni, wani lokaci har shekara ko fiye. Nawa ya fara cikowa daga gefe, amma a hankali ƙwarai.

Abin da ya dame ni shi ne sai bayan aukuwar na ji duk wannan. Kafin allurar an tambaye ni ko ina da ciwon sukari, tunda tana iya ɗaga shi na wasu kwanaki, kuma hakan daidai ne. Amma ba wanda ya ambaci fata, alhali hannu wuri ne da kowa ke gani.

Idan ciwon ya dawo zan iya sake yi, domin sauƙin da na samu na gaske ne. Sai dai zan fara tambaya ko za a yi amfani da irin wanda ya fi saurin narkewa, kamar dexamethasone, kuma ba zan yarda a maimaita a wurin ba kafin fatar ta farfaɗo.