Tsohon DT125 ko XTZ125 na 2016: wanne zai iya da hanyoyin Dakoro?

Ɗan'uwa, ka ce aikin malamin gona zai riƙa kai ka ƙauyukan Kornaka da Dakoro, kuma an nuna maka babura biyu na hannu a nan Maradi: Yamaha DT125 da ya kwana biyu, da XTZ125 wanda dillali ya ce na 2016 ne. Kana son sanin ƙirar wace shekara ta fi dacewa da kuɗinka. Ni dai XTZ zan ce ka ɗauka, muddin ya tsallake binciken da zan faɗa maka.

Irin waɗannan babura kamfani ba ya sake musu inji kowace shekara. DT mai sanyaya da iska ya samu fasalinsa, da shokazoba guda a baya, tun ƙarshen shekarun 1970, aka kuma yi ta sayar da shi a Afirka shekara da shekaru kusan a haka. XTZ125 ya fara fitowa a Brazil a farkon shekarun 2000, daga baya aka koma ƙera shi a China. Saboda haka tsakanin XTZ na 2015 da na 2018, abin da ya fi raba su shi ne hannun da ya riƙe su. Babban bambancin yana tsakanin injin DT da injin XTZ.

DT injinsa mai bugu biyu ne, yana ƙona man 2T tare da esansi. Ba shi da nauyi, kuma da ka murɗa masa wuta sai ya zabura. A cikin rairayi mai zurfi, irin na jigawar arewacin Dakoro inda taya ke nutsewa, wannan zaburar ita ke fitar da mutum, kuma a nan XTZ ba ya kamo ƙafarsa. Gyaransa ma ba wuya, domin ba shi da balbal: bakaniken da ya san aikinsa zai sauke silinda ya sa fistan da ringi a wuni guda. To amma yana shan mai sosai, ringinsa na saurin cinyewa, sannan ga maganar famfon da ke tura man 2T cikin inji. Tsofaffi da yawa an cire musu shi, ana haɗa man da hannu a tanki. Ranar da yaro mai sayar da mai a kwalba ya zuba maka esansi tsura kai kuma ka sha'afa, injin zai kame a tsakiyar daji, inda ko inuwa babu. Mai fita kullum, wannan abin tsoro ne.

XTZ mai bugu huɗu ne, injinsa ɗan gidan su YBR125, babur ɗin Yamaha na kan titi, shi ya sa kayan gyaransa ba sa wahalar samu, daga kasuwar Maradi har Jibiya da Katsina. Ba ya zabura kamar DT, da goyo a bayanka za ka ji yana nishi a kan tudu. Sai dai tankinsa na lita goma da ɗan wani abu zai kai ka inda DT zai nemi ƙari a hanya, kuma abin da yake buƙata daga gare ka shi ne juyen baƙin mai a kan kari da wanke matatar iska. Tayarsa ta gaba inci 21 ce kamar ta DT, ta baya 18, don haka ramuka da zaizayar damina ba sa ba shi wahala. Ka nemi wanda ke da maɓallin tayarwa da kik duka biyu, domin batir na iya mutuwa a ƙauyen da ba caji.

In ka ci karo da Honda XR150L, wanda ya fito daga 2014, kada ka wuce shi ba ka duba ba. Ya fi XTZ ƙarfin ɗaukar goyo da buhun iri, tankinsa lita 12, tayar gaba kuwa inci 19 ce.

Maganar 2016 kuma, kada ka tsaya a bakin dillali. Juya kan babur ka dubi lambar shasi da aka buga a wuyansa, guda 17 ce. In ta fara da 9 ƙirar Brazil ne, in da L ta fara na China ne. Ƙirga zuwa ta goma, ita ke nuna shekarar ƙira: A na nufin 2010, E 2014, G 2016, J 2018. Ka gwada lambar da ta kartigiris da takardar duwan. In ka ga alamar an goge wurin ko an yi masa sabon fenti, kama gabanka, kome arharsa. Muna kusa da iyaka, babur ɗin sata ba ya wuyar shigowa gari.

Ka je masa da sassafe, ka ɗora tafin hannu a kan inji kafin a tayar. In da ɗumi, an riga ka ne don a ɓoye wahalar tashi. Hayaƙi shuɗi a DT al'adarsa ce, a XTZ kuwa alamar ringi ya tafi ne. Sai ka sa a buɗe akwatin matatar iska, a zare soson, ka zura yatsa cikin bututun da ke bayansa zuwa karburato. Yatsan ya fito fes, madalla. Ya fito da jar ƙura mai ƙaiƙayi, to injin ya daɗe yana haɗiyar rairayi, kuma a ƙasarmu wannan ke kashe babur tun kafin shekaru su kashe shi. Ka kama tayar baya da hannu biyu ka girgiza ta gefe da gefe, ka duba ko shokazoban gaba na zubar da mai, ka dubi haƙoran da sarƙa ke bi ko sun lanƙwashe kamar lauje.

Baburan furoje da ake gwanjo su ne suka fi ruɗin mutane. Shekarunsu kaɗan, fentinsu na ƙyalli, alhali mutum goma sun hau, ba wanda ya ɗauke shi nasa. Na ɗan kasuwar da ke kai shi juye da kansa, ko da ya girme shi da shekara uku, shi zan fi amincewa da shi.

Idan XTZ ɗin ya faɗi a gwajin yatsa, kada ka koma wa DT don gaggawa. Ka ƙara haƙuri wani ya fito, ka kuma ware ɗan abin da zai sayi sabbin tayoyi masu ƙurji da sarƙa tun kafin ruwan farko. Allah ya sa alheri a ciki.