Faiba zuwa gida a Abuja: gudu akwai, amma ka tambayi adireshin intanet kafin ka biya

Idan layin faiba, wato intanet ta wayar zaren gilashi, ya iso unguwarku, da wuya a samu abin da ya fi shi don amfanin gida. MTN FibreX da ipNX da FiberOne da Legend duk suna ja wa gidaje waya a sassan Abuja, kuma a takardar talla kusan abu ɗaya suke sayarwa: kuɗin wata, da adadin megabit. Inda suka bambanta shi ne inda mai talla ba ya taɓawa sai an matsa masa.

Yawancin layukan gida GPON ne. Zaren gilashi guda yake fitowa daga na'urar kamfani, a raba haskensa ga gidaje 32 ko 64, dukansu su ci daga tulu ɗaya mai kusan gigabit 2.5 na saukowa da 1.25 na hawa. Saboda haka gwajin gudun intanet da aka yi maka da hantsi ba shaida ba ne. Ka nemi maƙwabcin da ke kan layin kamfanin ya gwada maka bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya kunna bidiyo. A yi gwajin da wayar LAN, wadda ake jona kwamfuta da rauta (akwatin da ke raba intanet a gida) da ita, ba Wi-Fi ba, don bangon siminti na cinye sigina. In kuma ka biya megabit 200 amma kullum 94 kake gani, kada ka yi saurin zagin kamfani: ramin rautarka ne ko wayar ke tsayawa a 100.

Ranar da masu haɗawa suka zo, kada ka sa hannu sai sun nuna maka ƙarfin hasken da ke shiga akwatin ONT, wato na'urar da wayar faiba ke shiga a cikin gida. Na'urar tana aiki tsakanin -8 da -27 dBm (ma'aunin ƙarfin hasken; kusa da -27 ya fi rauni), amma wanda ya faɗi tsakanin -18 da -24 shi ne mai kwanciyar hankali. In ka ga -26, ka ce a sake haɗin, domin ƙura kaɗan ko lanƙwasa ɗaya za ta tunkuɗa shi ƙasa, jar fitilar LOS, mai nuna hasken ya ɓace, ta kama ƙiftawa. Kan wayar mai launin kore kada a taɓa bakinsa da yatsa, kada kuma a bar shi a buɗe cikin ƙurar hunturu. Wayar kanta ba a naɗe ta kamar ta caja, ba a matse ta a bakin taga.

Yanzu ga maganar da ta fi raba kamfanonin. Adireshin IPv4, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, kusan biliyan 4.3 ne kacal a duniya. Babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare a Fabrairun 2011, AFRINIC kuma, wadda ke Morishas tana raba wa Afirka, tsakure take bayarwa. Don haka kamfanoni da yawa suka koma wa dabarar CGNAT: gidaje masu yawa su fita intanet da adireshin fili guda, wato wanda ake gani daga waje. Kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya da mai gadi. Kai ka fita ka dawo, ya san ka, ya buɗe maka. Amma baƙon da ya zo daga waje ba tare da ka aika a kira shi ba, mai gadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi.

Gane ko kana bayan CGNAT bai wuce minti biyu ba. Ka shiga shafin rautar, galibi 192.168.1.1, ko 192.168.100.1 a akwatunan Huawei, ka duba adireshin da ke ƙarƙashin WAN. Sannan ka buɗe kowane shafin da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet, ka kwatanta. In sun zo ɗaya, adireshin fili gare ka. In na rautar ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya fara da 10, ko da 172.16 zuwa 172.31, to kana cikin gidan haya.

Ga mai WhatsApp da YouTube da Zoom da manhajar banki, wannan ba komai ba ne, kuma bai kamata ya ƙara ko sisi a kai ba. Wanda abin ke ci shi ne mai son shigowa gidansa daga waje: mai kyamarorin tsaro da yake son kallon DVR, akwatin da ke naɗar hotonsu, daga shago, mai kwamfutar ajiya a gida, mai son haɗa shagon Wuse da sito a Kubwa. Za ka buɗe ƙofa (port) a rautar, ka saita DDNS, wato sunan da ke bin adireshinka in ya canza, komai ya nuna daidai, amma shiru, saboda ƙofar da ke kulle tana wurin kamfani, ba a gidanka ba. Nan ne masu saka kyamara ke shan zargi ba laifinsu. Manhajoji irin su Hik-Connect suna zagayewa ta sabar kamfaninsu, hoto ya zo, sai dai yakan yi nauyi. Yaran da ke PlayStation kuma su ga NAT Type 3, alamar haɗi mafi takura, shiga wasa da abokai ya zama wahala. Akwai kuma ƙaramin ciwon kai: in wani da kuke raba adireshi ya yi ɓarna, shafuka su riƙa tare ka da tambayar ko kai mutum ne.

Abin da za ka tambaya ke nan a rubuce, ba a bakin ɗan talla ba: ƙunshin nan, wato tsarin da za ka riƙa biya, CGNAT ne, ko adireshin fili mai canzawa, ko tsayayye? Mai canzawa ya ishi gida, DDNS zai riƙa bin sa. Tsayayye sai in akwai sabar da ba ta karɓar kowa sai adireshin da aka yi wa rajista. Sau da yawa adireshin fili yana ƙunshin 'yan kasuwa ne ko kan ƙarin kuɗi na wata, don haka ka haɗa shi cikin lissafi tun farko. Ƙunshin da ya fi araha a talla kan zama mafi tsada bayan an ɗora wannan.

Tambaya ta gaba: za su yarda su mai da ONT gada kawai, wato ya wuce da haɗin, rautarka ta riƙe adireshin? In za su yi, ka karɓi sunan shiga da kalmar sirri na PPPoE da lambar VLAN, bayanan da rautarka za ta shiga layin kamfani da su. In ba haka ba, idan ka jona rauta a bayan rauta, ka ƙirƙiro wa kanka zaure biyu, ka biya kuɗin adireshin fili a banza. Ka kuma tambayi IPv6, sabon tsarin adireshi da ba ya ƙaranci. Kamfanin da ke ba gida babban kaso na adireshin (/56) ya nuna ya san aikinsa, ƙaramin kaso (/64) guda ma ya fi babu. Sai dai fa dole layin wayar da kake shigowa da shi daga waje shi ma ya kasance da IPv6.

In kamfanin da ya fi kyau a layinku bai bayar da adireshin fili ba, ba dalilin guje masa ba ne. Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta ɓoyayyiyar hanya, a ƙaramar kwamfuta a gida yana ratsa CGNAT ba tare da buɗe ƙofa ko ɗaya ba. Haka manhajar WireGuard ta sabar haya, ko Cloudflare Tunnel ga mai shafin intanet. A gaskiya wannan ya fi aminci. Adireshin fili na jawo masu lalube dare da rana. Muguwar manhajar Mirai ta 2016 kyamarori da DVR masu kalmar sirrin masana'anta ta kwashe ta yi yaƙi da su. Wanda ya samu adireshin ya canza admin/admin a ranar, ya kashe UPnP, wanda ke barin na'urori su buɗe ƙofa da kansu, kada ya bar ƙofa ta 23 ko 3389, waɗanda ake sarrafa na'ura daga nesa ta cikinsu, a buɗe. Mai tunanin Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam wadda ta shigo Najeriya a Janairun 2023, za ta raba shi da wannan matsala, ya sani ƙunshinta na gida ma CGNAT ne a IPv4, ko da yake tana ba da IPv6.

Raunin faiba a garin nan yankewa ne. Motar haƙa ta masu aikin titi ko kwalbati ta tsinke waya, unguwa guda ta yi duhu. Don haka ka tambayi maƙwabta kwana nawa gyara ke ɗauka, da kuma ko ana mayar wa mutum kwanakin da ya rasa. Wannan amsa ta fi megabit 50 na ƙari daraja. Na wuta kuwa mai sauƙi ne: ONT na cin bolt 12, abin da bai kai wat 15 ba, ƙaramin batirin rauta zai riƙe shi sa'o'i bayan an ɗauke wuta. Ka dai duba amfiyan da ke rubuce a jikin cajarsa kafin ka saya, don in batirin bai kai ba, akwatin zai riƙa mutuwa yana tashi da kansa, ka yi ta kiran kamfani alhali layinsu lafiya lau.