OO ko N: wanne ya fi dacewa da baje kolin ƙananan jiragen ƙasa?

A Birtaniya, ƙungiyoyin masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo kan yi wannan muhawara kafin su fara gini: ma'aunin OO ko na N?

OO ne ruwan dare a can. Ana rage girman jirgin gaske sau 76, faɗin layin dogon kuma milimita 16.5 ne. Kamfanin Hornby ya daɗe yana ƙera shi, shi ya sa kayansa ba sa wuyar samu, har na hannu. Girman nan ne ke riƙe 'yan kallo. Yaron da ke tsaye bayan igiya yana iya karanta lambar da ke jikin injin, ya hango gawayi a tarago, har da ɗan mutum-mutumin direba yana leƙowa ta taga. Sai dai akwai cin fili. Dole a yi shimfiɗar da jiragen ke gudu a kai gunduwa-gunduwa, a loda a mota, a harhaɗa ta a zauren coci ko makaranta kafin a buɗe ƙofa.

N kusan rabinsa ne, ragin sau 148, layi milimita 9, kuma kamfanin Graham Farish na cikin masu ƙera shi. Tebur guda ya ishi tasha da gada da dogon jirgi. Amma 'yar ƙura a kan layi tana iya tsayar da injin a gaban jama'a, ɗora tarago bisa layi kuwa sai mai ido da haƙuri.

Ni dai in taron na iyalai ne da yara, OO zan zaɓa, ko da za a ƙara hayar mota.