Hodar ɗaga gashi ta haɗin gida: wane gari ya kamata a saya a Maradi?

Mace mai gashi siririn sili ta san damuwarta: ta wanke kai da safe, amma kafin la'asar, musamman a zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce maki 40 a Maradi, zufa da maiƙo sun kwantar da gashin a ƙarƙashin ɗankwali har fatar kai ta bayyana. Hodar ɗaga gashi tana magance wannan ta hanya biyu, wato tana tsotse maiƙon da ke gindin gashi, kuma ƙwayoyinta suna shiga tsakanin sili da sili su hana su mannewa da juna, sai gashin ya tashi ya yi kamar ya ƙaru. Hodar kamfani galibi tana ɗauke da sinadarin silika, wanda ya fi kowane garin gida riƙo, amma ba kullum ake samun ta a kantunan garin nan ba, shi ya sa mata da dama ke haɗa tasu.

Kafin a je kasuwa, wajibi ne a tabbatar hodar ce ake buƙata. Ba ta tsirar da gashi, ba ta kuma dawo da gashin goshin da kitso mai tsauri ya cinye. Wadda gashinta ke zuba bayan haihuwa ko saboda ƙarancin jini, likita ya kamata ta gani. Haka nan mai busasshen gashi da ke karyewa, ko wadda ta saba cika kai da man kaɗe, hoda ba za ta amfane ta ba, domin a kan busasshen gashi ƙara bushewa take yi, a kan mai kuwa cuɗewa take ta zama kamar ƙullu.

Sitacin masara shi ne mafi sauƙin samu, ana sayar da shi a kwali, kamar na Maïzena, a kantunan kayan abinci. Yana da laushi ƙwarai, yana shan maiƙo da sauri, kuma kwali ɗaya kan daɗe. Aibinsa shi ne farinsa yana nunawa a baƙin gashi, kuma idan zufa ta yi yawa yana dunƙulewa. A kula kada a ɗauko garin kastat a madadinsa, domin shi an zuba masa kala da ƙamshi. Sitacin rogo yana aiki kusan iri ɗaya, sai dai a sayi na ci, a bar wanda masu wanki da guga ke sa wa shadda, tunda ba don jikin mutum aka tanade shi ba.

Ni dai sitacin shinkafa na fi amincewa da shi ga siririn gashi, saboda ƙwayarsa ta fi ta masara da ta rogo ƙanƙanta, don haka ba ya nauyaya sili, kuma yana ɓacewa cikin gashi idan an murza. Matsalarsa ita ce garin shinkafar da ake niƙa wa tuwo ko masa yana da tsakuwa-tsakuwa, bai dace da kai ba. Wadda ke son sa sai ta jiƙa shinkafa ta kwana, a markaɗa, ta tace da ƙyalle kamar yadda ake tace gasarar koko, ta bar ruwan ya kwanta, ta tsiyaye na sama, sannan ta shanya abin da ya kwanta a inda ƙura ba ta kai ba har ya bushe sarai. Bayan nan a dake shi, a tankaɗe da rariyar laushi sau biyu. Aiki ne na kwana biyu ko uku, kuma a damina bushewarsa na wahala, alhali garin da bai bushe ba yana yin funfuna a cikin kwalba.

Sitaci kaɗai yana shan maiƙo amma riƙonsa kaɗan ne, a nan ne farin yumɓu da ake kira kawolin yake da amfani, domin shi ne ke ba gindin gashi ɗan tauri ya tsaya. A nemi wanda aka tace aka rufe a leda ko gwangwani, a farmasi ko wurin masu kayan kwalliya. Ina jan hankali sosai a kan wannan, saboda sunan farar ƙasa ya haɗa abubuwa daban-daban: wadda ake shafe gini da ita tana iya ƙona fata, wadda ake sayarwa dunƙule a tire kuwa ba a tsabtace ta ba. Gasul, wani yumɓu na ƙasar Maroko, ya fi kawolin ƙarfin tsotsa, don haka ya fi dacewa da wanke kai, ba da barinsa a gashi ba.

Hodar jarirai mai talk, wato garin wani dutse mai laushi, ba na ba da shawararta. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da irinta a duniya a 2023, ya koma ga sitacin masara, sannan a 2024 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya talk cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa cutar. A karanta jikin roba kafin a biya kuɗi. Bikarbonat da kanwa su ma a bar su a madafa, domin suna da kaifin da ke buɗe ɓawon sili ya bar gashi da kaushi.

Saura batun kala. Tunda gashin yawancinmu baƙi ne, ana rage farin da garin koko na cakulan zalla, wanda babu sukari ko madara a ciki. Na shan shayi yana danƙo kuma yana jawo tururuwa. Garin cakulan zallan shi ma ruwan ƙasa ne, ba baƙi ba, kuma yana iya ɓata farin ɗankwali ko matashin kai.

Haɗin da nake ganin ya dace a fara da shi shi ne cokali 3 na sitacin shinkafa ko na masara, cokali 1 na kawolin, da cokali 1 zuwa 2 na garin koko na cakulan, a tankaɗe su tare a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Ana ɗiba kaɗan da burushin hoda, a tsaga gashi a shafa a gindinsa kawai yana bushe, a jira minti 2, a murza da yatsu, ana kawar da fuska don kada a shaƙa. Kada a yi ta ƙara hoda a kan hoda fiye da kwana biyu ba a wanke kai ba, kuma mai amosani ko ƙuraje a fatar kai ta dakata har sai sun warke.