Wata shida ina halartar zaman natsuwa a gidajen 'yan sa kai

Na shafe kusan shekara biyu ina ƙoƙarin koyon zaman natsuwa, wato zama shiru ana lura da numfashi, ni kaɗai da taimakon wata manhajar waya, amma ban taɓa jera mako biyu ban yi fashi ba, domin wayar da ke umartata in rufe ido ita ce kuma take kawo mini saƙonni. Da wata abokiyar aiki ta ba ni labarin wasu 'yan sa kai da ke haɗuwa kowane mako a gidan ɗaya daga cikinsu, ba tare da karɓar ko sisi ba, sai na ƙudura cewa zan je sau uku in ga kamun ludayinsu. Yau wata shida ke nan ban daina zuwa ba.

Tsarin ba shi da wuya. Mukan kai mutum takwas zuwa goma sha biyu, kuma gidaje uku ne ke karɓar baƙuncinmu bi da bi. Mai masauki yakan ture kujerun falo jikin bango ya shimfiɗa matasai a ƙasa, wanda gwiwa ke damunsa kuma ya zauna a kujera babu mai kallonsa. Da zarar mai jagora ya kaɗa ƙaramar ƙararrawa sau uku, sai kowa ya yi shiru na minti ashirin yana lura da shigar numfashinsa da fitarsa, a miƙe a yi tafiya a hankali na minti goma, sannan a sake zama na wasu minti ashirin. Daga ƙarshe duk mai son magana yakan faɗi abin da ya ji, bisa sharaɗin cewa ba a katse shi, ba a ba shi shawara, kuma maganar ba ta fita daga ɗakin.

Abin da ya riƙe ni ba koyarwa ba ce, domin duk bayanin da aka yi mini a daren farko bai wuce abin da na riga na ji a waya ba. Mutanen ne suka riƙe ni. A zama na biyu ƙafata ta hagu ta sage tun kafin a kai rabi, hancina yana ƙaiƙayi, ga ƙugin firiji daga kicin wanda na rantse ƙaruwa yake yi. Da a ɗakina nake, da tuni na miƙe. Amma na ɗan buɗe ido na ga wani dattijo da ke gabana zaune ƙyam, hannuwansa bisa cinya, ko gezau, sai kunya ta hana ni motsi, kuma kafin ƙararrawa ta sake kaɗawa ƙaiƙayin ya tafi da kansa. Wannan ƙaramin abu ya koya mini abin da shekara biyu ba su koya mini ba, wato ba duk abin da jiki ya nema ake biya masa nan take ba. Haka kuma sanin cewa wani ya share falonsa yana jira ya sa ko ranar da na gaji nakan daure in fita.

Ƙungiyarmu ba reshen kowa ba ce, amma mai jagora bai ɓoye inda suka aro tsarin ba. Kaɗa ƙararrawa da sauraro ba tare da mayar da martani ba sun zo ne daga mabiyan Thich Nhat Hanh, malamin addinin Buddha ɗan Biyetnam wanda ya kafa cibiyar Plum Village a Faransa a 1982 ya kuma rasu a 2022, lura da numfashi ba tare da wata addu'a ba kuma ta fi kama da shirin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979 domin marasa lafiya. Na tambaya tun farko ko akwai ibada a ciki, aka ce babu, kuma ban ga sunkuya wa wani hoto ko rera wani abu ba. Sai dai ba duk ƙungiyoyi ne haka ba, don haka wanda addininsa ke da muhimmanci a gare shi ya yi wannan tambaya kafin ya cire takalmi.

Inda nake da ƙorafi shi ne iyakar sanin 'yan sa kai. Wani dare wata baƙuwa ta fashe da kuka ana tsakiyar zama, numfashinta yana sarƙewa, ta ce wani mugun abu da ya taɓa faruwa da ita ne ya dawo mata kamar yanzu ake yinsa. Wanda ke jagora a ranar, mutumin kirki ne ƙwarai, ya ce mata ta ci gaba da lura da numfashinta kawai. A ganina kuskure ne, domin abin da take bukata shi ne ta buɗe ido, ta miƙe, wani ya fita da ita waje. Matar mai gidan ce ta yi hakan daga baya, kuma baƙuwar ba ta sake dawowa ba. Irin wannan ba sabon abu ba ne, domin a 2017 masu bincike a Jami'ar Brown, ciki har da Willoughby Britton, sun wallafa hirar da suka yi da mutum 60 masu wannan zama, inda da yawa suka ambaci tsoro da firgici da dawowar tsohon tashin hankali. Bayan mun yi magana, yanzu akan sanar tun farko cewa kowa yana da damar buɗe ido ko fita.

Haka nan ban ji daɗin yadda wasu ke zuzuta amfanin abin kamar maganin kowace cuta ba. Nazarin da masanan Jami'ar Johns Hopkins suka fitar a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje 47, ya sami matsakaicin sauƙi ga damuwa da baƙin ciki da ciwon jiki, amma bai sami hujjar cewa zaman ya fi magani ko motsa jiki ba. Ni ma abin da na samu matsakaici ne: barcina bai canja ba, sai dai na rage saurin mayar da magana idan an ɓata mini rai, kuma mutanen gidana ne suka fara lura da haka kafin ni.

Zama a gidan mutum yana da nasa cikas. Wani falon ƙarami ne har gwiwa na gugar gwiwa, yaro yakan leƙo ya yi dariya ya gudu, kuma sau biyu aka soke zama ana saura awa ɗaya saboda mai masauki ya yi baƙi. Ga wanda zai fara, musamman mace, ya fi kyau a je da rakiya a karon farko, tunda gidan wanda ba a sani ba ne.

Duk da haka zan ba wanda ya kasa ɗorewa shi kaɗai shawarar ya gwada, muddin ba ya cikin matsananciyar damuwa da ke bukatar likita. Wata mai zuwa za a fara zama a gidana, kuma na riga na auna falon na ga zai ɗauki mutum tara idan aka fitar da teburin tsakiya.